Wa Ya Kira Inna?

Azarori, ranar Talata

Zuwa ga ƙawata Zuhura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Mama da ƙannenki. Yaya zafin Yamai, yaya kuma gajiyar zaman ƙofar filin jirgi? Ni na iso gida lafiya, sai dai ƙafafuna sun kumbura, don na manta yadda zaman kar, wato motar bas, yake daga Yamai zuwa Madawa.

Za ki yi mamakin ganin takarda a zamanin waya. Na daina yarda da waya. Tun da muka shiga yajin aikin nan, duk abin da muka faɗa a gurup ɗin kwamitin sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, washegari direkta ya san shi, har da yadda aka faɗe shi. Malam Shamsu direban kar mutumin garinmu ne, zai kawo miki hannu da hannu, ki ba shi amsa in zai juyo.

Zuhura, Baba lafiyarsa ƙalau.

Kin ga yadda na fito daga taro bayan Kawu Hamani ya kira ni ya ce in ina son in tarar da mahaifina da rai in kamo hanya. Ke kika raka ni tasha. Ban sa komai a bakina ba, daga Doso har Ƙwanni addu'a kawai nake kada in tarar da tabarmi shimfiɗe a ƙofar gidanmu. Da kabu-kabu ya sauke ni, wa zan gani a gindin bishiyar bedi in ba Baba ba. Ya baje irin hatsi a kan buhu yana tsincewa, yana jiran ruwan shuka. Ya ɗago ya dube ni, ya tambaye ni ko hutu aka ba mu.

Duk da haka na kai shi asibitin gari. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya auna shi ya ce hawan jininsa ne na kullum, ya ci gaba da shan magani. Inna kuwa ta rungume ni tana kuka, amma har yanzu ta ƙi haɗa ido da ni. In na tambaye ta sai ta ce ai Allah ya kawo sauƙi, ta miƙe ta shiga madafa. Kawu ya koma Madawa wurin albasarsa tun kafin in iso. Na kira shi, ya ce shi ma faɗa masa aka yi, daga nan ya fara cewa ba ya ji na, wai rezon waya ya ɗauke. Ni kuwa ina jin har kukan jakin da ke bayansa.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne lokacin da kiran ya zo. Jibi ne za a zauna gaban sufeton ƙwadago. Maganar hutu tsakanin tashi da tashi, da maganar kwantiragi, kowa a cikinku zai iya yin su. Amma maganar abokiyar aikinmu Balkisu fa? Ni ce shugabar ma'aikatan cikin jirgi a tafiyar Jidda. A gabana ta roƙi a bar ta ta huta, aka ce mata in ba ta hau ba kwantiraginta ya ƙare. Ni na riƙe ta a bayan jirgi tana zubar da jini har muka sauka. Bayan cikin da take ɗauke da shi ya zube suka sallame ta wai ta ɓoye musu. In ba ni a wurin, kamfani zai ce babu wanda ya ji, babu wanda ya gani.

Na so in juyo yau. Inna ta je ta gaya wa Baba wai jandarma za su kwashe shugabannin yajin aiki. Baba ya ce bai yarda in taka ko'ina ba sai abin ya lafa. Kin san ba na ƙetare maganarsa. Amma matar da ko rediyo ba ta saurare sai wa'azi, ina ta ji labarin jandarma?

Ki roƙi sufeto ya ɗaga maganar Balkisu har in dawo. Ki sa ido a kan kowa. Ki gaida Mama, ki gaida Balkisu, ki ce ban gudu ba.

Taki har kullum,
Nasiba


Madawa, ranar Lahadi

Ƙawata Zuhura,

Sallama da gaisuwa mai tarin yawa. Ina fata kina lafiya, kuma ciwon kan da kika ce yana damun ki ya sake ki. Amsarki ta iso, na karanta ta har ta fara yagewa a wurin ninki. Na gode da addu'arki ga Baba.

Da na ga kin ce sufeto ya ƙi ɗaga maganar Balkisu, aka wuce ta don babu shaida, sai da na fita bayan gida na zauna a kan dutse na yi kukana. Sannan kin ce tun kafin ku buɗe baki direkta ya san iyakar abin da za mu iya sassautawa. Wannan magana a ɗaki muka yi ta, ba a waya ba. Ashe mai kai labarin yana zaune tare da mu.

Yau kasuwa, na ce da Baba zan sayo masa magani, na zo na tsare Kawu a rumfarsa. Ya yi ta kame-kame, yana kiran masu ɗinkin buhu, yana faɗin albasa ta fara ruɓewa da zafi. Na zauna a kan buhu na ce ba inda zan je. Da ya ga haka sai ya ce mutanen wurin aikinmu ne suka kira Inna, suka ce a fitar da ni daga Yamai ko ta wace hanya. Inna ta zo masa da kuka, shi kuma ya san babu abin da zai taso ni sai Baba. Ya rantse bai san suna ba.

Muna cikin haka sai ga wani dogon mutum ya shigo, suka gaisa da Kawu irin gaisuwar waɗanda suka saba. Da ya fita na tambaya, Kawu ya ce Alhusaini ne mai motar ɗaukar albasa, mutumin Keita. Zuhura, yayan Halidu ne, sakataren sandikarmu. Fuskarsu ɗaya, har tsagar gefen ido.

Tun daga lokacin nake jera abubuwa a raina. Halidu ne ya ce a taro ina da zafi, kada a bar ni in yi magana gaban sufeto sai an tsara mini abin da zan faɗa. Shi ke shiga biron direkta, watau ofishinsa, shi kaɗai wai kai saƙo. Shi ne kuma ɗan yankinmu, wanda ya san inda zai taɓa a Azarori a ji. Ban kama shi da hannu ba, kuma ina tsoron Allah a kan zato. Amma zuciyata ta ƙi barin wurin.

Wannan tsakanina da ke ne. Kada ki faɗa wa kowa tukuna. Ki dai lura da shi, in akwai maganar da ba dole ya ji ba, kada ya ji. Jigilar alhazai ta matso, kamfani ba shi da yadda zai yi sai da mu. In muka riƙe juna ɗan lokaci kaɗan, za su sauko.

Hadari yana haɗuwa ta gabas kullum da la'asar, ya watse bai zubar ba. Inna ta ba da busasshen zogale a kawo wa Mama, yana wurin Malam Shamsu.

Ƙawarki mai kewar ki,
Nasiba


Azarori, ranar Juma'a

Zuhura,

Gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da mutanen gida. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka, kowa yana gona, har ni na bi Inna muna binne iri a bayan Baba.

Ban ji labarin daga gare ki ba, daga Balkisu na ji. Ta kira ni tana kuka, na ɗauka duk da na ce na bar waya. Ta ce kin miƙe a babban taro kin karanta takardata, tun daga kan Kawu har zuwa tsagar gefen ido. Ta ce an yi ihu, wasu suka tashi za su doke Halidu, shi kuma ya ajiye makullin biron sandika a kan tebur ya fita. Matasan da shi ya shigo da su yajin aikin suka ce in sakatare ma ya sayar da su, zaman me suke yi. Washegari suka sa kayan aiki suka hau jirgi.

Na ce miki tsakanina da ke ne. Na ce miki zato ne. Me ya sa kika yi haka? A takardarki ta jiya kin cika shafi da labarin zafi da tsadar ƙanƙara, kin ce in zauna in kula da iyayena, komai yana tafiya daidai. Ba ki ambaci taron ba ko da kalma ɗaya. Ba ki gaya mini yanzu ke ke zama a kujerar Halidu gaban direkta ba.

Wataƙila kin ga abin da ban gani ba. Wataƙila kin kama shi da wani abu, kika ga ba a jira. In haka ne ki faɗa mini, hankalina ya kwanta, don tun da na ji nake jin kamar ni na ɗaga hannu na mare shi a gaban mutane. Akwai kuma abin da ke ci mini rai: Balkisu ta ce bayan tafiyarsa ma, maganar da kuka yi a ɗaki ta sake isa wurin direkta.

Yanzu kowa na kalla sai in ga kamar yana ɓoye mini wani abu. Jiya Malam Shamsu ya miƙo mini takardarki, na tsaya ina duba bakin ambulan ko an buɗe an sake liƙewa. Bawan Allah ya lura, ya kau da kai. Kunya ta kama ni. Ban san kaina da wannan hali ba.

Ki amsa mini tambayata, kada ki kewaye. Ki gaida Mama.

Ƙawarki,
Nasiba


Azarori, ranar Laraba

Zuwa ga Zuhura,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, Mama ma tana lafiya. Malam Shamsu ya zo ya sake zuwa babu amsa daga gare ki. A rediyo na ji an janye yajin aiki, an sa hannu, an ƙara ɗan hutu tsakanin tashi da tashi, kuma jirgin farko na alhazai ya tashi. Ba a ambaci kwantiragi ba, ba a ambaci Balkisu ba. An ce ke ce shugabar ma'aikatan cikin wannan jirgi. Allah ya sa an sauka lafiya.

Na je Keita. Na gaya wa Baba gaskiya, cewa akwai mutumin da nake jin na zalunta, ya ce in je. Motar ta tsaya a Buza muka jira korama ta janye, sannan muka hau duwatsu, sai bayan azahar na isa. Aka nuna mini gonarsu a gefen tudu. Na tarar da Halidu da mahaifinsa suna gyara jerin duwatsun da ke tare ruwa, inda ruwan farko ya fasa. Mutumin da na saba gani da farar riga yana tura keken abinci, ga shi da laka har gwiwa. Kamfani ya kore shi kwana kaɗan bayan taron, tun da ba shi da sandikar da za ta tsaya masa.

Na ɗauka zai zage ni, na ma shirya wa hakan. Sai ya wanke hannu ya kawo mini ruwa. Na tambaye shi kai tsaye. Ya ce yayansa yana ɗaukar albasar kusan kowa a Madawa, bai ma san Hamani kawuna ba ne. Ya ce gaskiya ne ya ce ina da zafi, har gobe ma zai faɗa, amma a wurinsa shaidata ita ce ƙarfin zaman gaba ɗaya, ranar da na tafi shi ya fi kowa shiga uku. Na ce to me ya hana shi kare kansa a taro. Ya ce takardar da hannuna aka rubuta ta, kuma aminiyata ce ta karanta, wa zai saurare shi.

Da zan tafi ya raka ni bakin hanya, ya ce: "Nasiba, ni ko sunan mahaifiyarki ban sani ba. A cikinmu duka, wa ke da lambarta?"

Na hau mota. Daga Keita har Buza ina ta nemo wani suna a raina, ban samu ba.

Da na iso gida na tarar da Inna tana damun fura, Baba yana zaune a ƙofar ɗaki. Duk kwanakin nan ina tambayar ta wa ya kira, tana cewa ba ta sani ba. Wannan karon na tambaye ta namiji ne ko mace. Ludayin ya tsaya a hannunta. Ta ce an sa ta rantse ba za ta faɗi suna ba, kuma ba za ta faɗa ba. Na ce ba sai ta faɗa ba. Sai ta fashe da kuka, ta ce: "Ɗiyata, yarinyar nan kuka take a waya, ta ce in ba a ɗauke ki ba kurkuku za ki kwana. Uwa take kira na. Ya zan yi?"

Baba bai san da sunansa aka yi ƙaryar ba sai a lokacin. Bai yi wa Inna faɗa ba, ya dai tambaye ni labarin Balkisu tun daga farko, na ba shi. Da na gama ya ce shi ya tsare ni a kan abin da bai bincika ba, kuma ba zai yarda a kwantar da shi ciwon ajali yana raye don a toshe bakin shaida ba. Ya ce in shirya kayana.

Zuhura, na yi ta juya abin. Na tambayi Halidu ko da gaske an kama wani. Ya ce an tsare mutum uku a filin jirgi wata rana da safe, kafin azahar aka sake su. Watau akwai ɗan abin tsoro, ba ƙarya ce zalla ba. Ina so in yarda tsoro kika ji mini. Na san Mama ba ta da kowa sai ke, na san karatun ƙannenki a wuyanki yake, na san yadda direkta ya iya zaunar da mutum ya nuna masa ƙofa cikin murmushi. Da kin zo kin ce mini ba za ki iya ci gaba ba, wallahi da na rufa miki asiri, da ni zan fara kare ki. Kiran da kika yi wa Inna, zan iya nema masa uzuri. Amma kin karɓi takardata kin san Halidu bai yi komai ba, kika miƙe kika karanta. A nan uzurina ya ƙare. Ni na yi zaton, wannan nawa ne, na kuma roƙi gafararsa a gaban mahaifinsa. Sauran naki ne.

Ban san tun yaushe kike kai musu magana ba, ban san me aka yi miki alkawari ba. Ba na ma son in ji daga bakin wani.

Balkisu ta kai ƙara kotun ƙwadago, zan je in faɗi abin da na gani da abin da na ji, ko da aikina zai tafi. Halidu ma zai shigar da tasa in ya gama shuka. Kwamiti zai zauna ranar Asabar, kuma zan kasance a wurin in Allah ya yarda. Dole in tsaya a inda aka karanta takardata in wanke mutumin da ta ɓata, kuma ba zan iya wanke shi ba tare da na faɗi sauran ba.

Wannan takarda za ta riga ni isowa da yini guda. Da gangan na yi haka. Ki je wurin 'yan kwamiti da ƙafarki kafin in zo, ki faɗa musu da bakinki. In kin yi, zan zauna kusa da ke ranar Asabar, duk abin da za su ce miki su ce mana tare. In ba ki yi ba, zan miƙe in faɗa, kina zaune kina ji.

Ki gaida Mama da kyau. Ba zan gaya mata komai ba.

Wassalam,
Nasiba Idris